Idan Birki Ya Fara Bugun Ƙafa: Abin Dubawa Kafin A Sayi Sabon Faifai

Duk ma'aikacin da ke tashi daga Sakatariyar Tarayya da yamma ya nufi Nyanya ko Mararaba ya san gangaren Kugbo. Daga AYA hanya ke sulalewa ƙasa, ƙafa na kan birki, a ƙarshen gangaren kuma sau da yawa cunkoso ne ke jira. A irin wannan wuri ne tsohuwar mota kan fara tona asirin kanta: direba ya taka birki sai ya ji fedar tana turo ƙafarsa sama tana komawa, kamar bugun zuciya, wani lokaci har sitiyari ya kama rawa a hannu.

A gareji, ko a Apo ko a Kubwa, amsar kusan ɗaya ce, wai faifan birki, wanda makanikai ke kira dis, ya lanƙwashe saboda zafi, sai a kankare fuskarsa a inji ko a sayi sabo. Mai mota ya biya, motar ta lafa, bayan 'yan watanni bugun ya dawo. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Faifan birki ƙarfen zubi ne mai kauri, ba ya lanƙwashewa cikin sauƙi. Abin da ya fi faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya a duk kewayensa. Idan gefe mai kauri ya zo tsakanin takalman birki, wato fad, sai ya buɗa su, su tura man birki baya, man ya turo feda. Bambancin da bai kai rabin kaurin gashin kai ba ya isa ƙafa ta ji shi, don haka makanikin da ya shafa faifai da hannu ya yanke hukunci, hasashe kawai ya yi.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, mai mota zai iya rage wa kansa rabin aikin idan ya lura da yadda abin ke zuwa. Idan motar na karkarwa a gudun kilomita 90 zuwa 110 a titin filin jirgin sama alhali ba a taɓa birki ba, laifin taya ne ko wili da ya karkace, birki ba ruwansa. Idan sai an taka birki sitiyari ke rawa, a dubi faifan gaba. Idan kuwa a kujera da jikin mota ake jin girgizar, sitiyari na zaune lafiya, hankali ya koma baya. Motoci irin Corolla ta 2003 zuwa 2008 galibi gangar birki ce a bayansu, kuma ganga ma kan fita daga da'ira. Ana gane ta a fili inda babu kowa: mota na tafiya a hankali, a danne maɓallin birkin hannu a ɗaga shi kaɗan kaɗan, in ya yi ta fizga a hannu, gangar ce.

Akwai kuma bugun da ba na faifai ba ne. Bugun faifai yana bin juyawar taya, yana raguwa yadda gudu ke raguwa. Na na'urar ABS kuwa mai sauri ne, yana zuwa da gurnani a ƙarƙashin ƙafa, kuma idan an taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi ko tsakuwa, aikinsa ke nan, kada a ɗaga ƙafa. Inda ya zama matsala shi ne ya riƙa tashi a busasshiyar kwalta daidai lokacin da mota ke gab da tsayawa. Wannan alama ce ta tsatsa ko datti a kan sansar da ke auna gudun taya, ko haƙoran zoben da take karantawa sun tsage. A lokacin fedar kan yi tauri motar kuma ta ƙara gaba kaɗan, abin da ya isa a sumbaci bayan motar wani a cunkoso. Masu cire ƙwan fitilar ABS daga dashbod don a daina ganinta gyaran gangar Auzinawa suke yi.

Tambayar da ba a cika yi a gareji ba ita ce me ya cinye faifan ta gefe ɗaya tun farko. Yawanci faifan bai zauna daidai a kan mazauninsa ba, wato hob, sai ya riƙa 'yar layi yana gogar fad sau ɗaya a kowane zagaye ko da ba a taka birki ba. A motoci da dama iyakar layin da kamfani ya yarda da shi milimita 0.05 ne kacal. Yawancin motocin tokumbo da ma'aikata ke hawa sun yi shekaru a Amurka ko Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma fuskar hob ɗinsu cike take da tsatsa. A ɗora sabon faifai a kan wannan tsatsar ba tare da an goge ta ba, ya riga ya karkace tun ranar da aka biya kuɗinsa. Sai bayan 'yan dubban kilomita ƙafa za ta ji, lokacin nan kuma a ɗora laifin a kan mai sayar da kaya.

Mai faci ma yana da nasa kason. Ɗaurin notin taya a Corolla da Camry niyuton-mita 103 ne, a Honda Accord 108, kuma ana ɗaure su ne ana tsallake ɗaya, kamar zanen tauraro. Wanda ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa biyu yana ganin alheri ya yi wa mai mota, alhali ya matse faifan ta gefe guda. Sai zafi: wanda ya sauko Kugbo da birki har faifai ya ɗau wuta, sannan ya tsaya cak a cunkoso ya danne feda, fad kan bar tabonsa a jikin ƙarfen. Saukowa da ƙaramin giya yana rage wannan ƙwarai, a mota mai canza giya da kanta ma akwai 2 ko L don haka. Motar da aka ajiye makonni a damina, mai ita ya tafi hutu ko kwas, faifanta kan yi tsatsa ko'ina ban da inda fad ya rufe. Wannan sau da yawa yana gogewa da kansa cikin kwana biyu na tuƙi. Kalifar da ta cije kuwa ana gane ta da warin ƙuna, da wili ɗaya da ya fi sauran zafi, da mota mai ja gefe.

Abin da ya cancanci kuɗin mai albashi shi ne awo. A auna kaurin faifai da maikiromita a wurare takwas a kewayensa, a kuma kafa agogon awo a jikinsa a juya shi a ga layinsa. A girgiza taya a ji ko boris ya saki, a duba tayarod da bushin, domin sakinsu na ƙara wa rawar sitiyari ƙarfi. Kowane faifai yana ɗauke da lambar mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce a jikinsa. Wanda kankara za ta kai shi ƙasa da wannan lamba ba na gyara ba ne, domin siririn faifai ya fi saurin ɗaukar zafi, yana iya tsagewa ma.

Idan canji ya zama dole, a canza hagu da dama tare, da sababbin fad, a goge hob har ƙarfe ya yi haske, a shafa wa sandunan kalifa man da aka yi dominsu. Daga nan a nemi hanyar da babu cunkoso a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan a ci gaba da tafiya na 'yan mintoci birkin ya huce kafin a ajiye motar.