A Karɓe Bulala Daga Hannun Siniya, A Ba Shi Usur

Duk mai son ya san halin da jikin matasan cikin birnin Kano yake ciki, ya bi yaro ɗan shekara 14 daga Yakasai ko Mandawari na yini guda. Da safe zai faɗa A Daidaita Sahu a sauke shi a bakin makaranta. Zai zauna a benci, ko a ƙasa in ajin ya cika, har azahar. Ya dawo ya ɗan taɓa abinci, la'asar na yi ya wuce Islamiyya ya sake naɗe ƙafa a tabarma. Wanda ba ya Islamiyyar yamma yana shagon babansa ko na maigidansa a Kurmi ko Kantin Kwari. Dare kuwa waya ta gaje shi, ko gidan kallon ƙwallo, inda yaro zai yi minti 90 yana ihu a kan gudun da wasu ke yi a Ingila, shi kuma yana zaune daram. Karatu da neman na kai ba abin zargi ba ne. Sai dai a duk wannan yinin, yaushe yaron ya yi gumin da ba na zafin rana ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, zuciyarsa ta ƙara bugu, sannan sau uku a mako ya yi abin da ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, kamar tsalle da gudu. A 2019 masanan hukumar suka fitar da bincike kan ɗalibai miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146. Kashi 81 cikin 100 ba sa cika wannan awa ɗaya: mata kashi 85, maza kashi 78. Nan kusa da mu, binciken da aka yi wa ɗaliban sakandare sama da 1,000 a Maiduguri, aka buga a 2016, ya nuna kusan kashi 37 ne kawai ke cika ta. Illar ba ta bayyana a shekara 15. Tana jira sai mutum ya haura 40, ta zo da hawan jini da ciwon suga. Amma ko a yanzu yaron da ke motsa jiki ya fi samun barci mai kyau, ya fi sakin rai, kuma hankalinsa ya fi tsayawa a aji.

Ba kowane yaro ne wannan magana ta shafa daidai ba. Yarinyar da ke yawon talla daga Jakara zuwa Ƙofar Wambai, da yaron da ke turo kurar ruwa, sun cika awarsu har da ƙari, matsalarsu daban ce. Waɗanda ake magana su ne masu yinin zama, kuma kullum ƙaruwa suke yi.

Da can ba a san wannan damuwa a birni ba, kuma ba don akwai malaman wasanni ba. Akwai dandali. In farin wata ya fito, maza su ja layin langa: kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya, a fitar da ruwa, 'yan ɓangarensa su kewaye shi suna ture abokan karawa har ya kai ya sha. Minti 10 na langa ya isa ya jiƙa wa yaro riga. 'Yan mata na gefe suna gaɗa da 'yar gala-gala, tafi da tsalle da juyi har a kira su kwana. Wa ke shirya duk wannan? Yaran da suka ɗan girme su ne. Su ke raba ɓangare, su yanke hukunci in an yi gardama, su koya wa sabon shiga yadda zai faɗi ba tare da ya karye ba. A tsangaya ma haka abin yake har gobe: malam na zaune a buzunsa, amma gardi ne ke biya wa ƙolo allonsa. Yanzu dandalin ya zama gida ko shago, an cike kududdufai an yi gini, lungu ya matse, ita kanta badalar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu an cinye ta a wurare da yawa. Da filin ya tafi, sai ya tafi da wannan sarauta ta yayye a kan ƙanne.

Abin da masana ke ƙoƙarin farfaɗowa a makarantu ke nan: a zaɓi wasu ɗalibai, a ba su horo, su riƙa jan 'yan uwansu zuwa motsa jiki. Hujjar kuwa kowane uba ya san ta. Yaro na kaiwa 13 ko 14, maganar abokinsa ta fi ta malam da ta iyaye shiga kunnensa. Askin da zai yi, ƙungiyar da zai goya wa baya, har tafiyarsa, duk daga abokai yake kwasowa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ta wannan ƙofar ce shaye-shaye da daba ke shigowa unguwanni. Tunda ƙofar a buɗe take, gara a shigo da alheri ta cikinta.

An gwada hakan a kan shan taba, kuma ya yi aiki. A wani shiri mai suna ASSIST da aka yi a makarantu 59 na Ingila da Wales, an tambayi yara 'yan shekara 12 zuwa 13 su rubuta sunayen waɗanda suke ganin girmansu a cikin sa'anninsu. Waɗanda sunansu ya fi fitowa aka ba su horon kwana biyu, aka sake su su riƙa hira da abokansu a kan illar taba, ba a aji ba, a hanya da wurin cin abinci. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna yiwuwar yaro ya zama mashayin taba ta ragu da kusan kashi 22 cikin 100. Mu ma nan mun ga irinsa, lokacin da masu yi wa ƙasa hidima ke horar da ɗaliban sakandare su faɗakar da 'yan uwansu kan cutar ƙanjamau.

To amma a faɗi gaskiya, da aka ɗauko dabarar aka kawo ta kan motsa jiki, ba ta ba da abin da aka zata ba. Jami'ar Kambirij ta gwada shirin GoActive a makarantu 16 da ɗalibai 2,862 masu shekara 13 zuwa 14. Manyan ɗalibai ne jagorori, kowane aji na zaɓar wasannin da zai yi a mako, ana tara maki ana ba da kyauta. Aka ɗaura wa yaran na'urar auna motsi a hannu. Bayan wata 10, kamar yadda aka bayyana a 2020, babu wani bambancin kirki tsakaninsu da yaran makarantun da ba a yi shirin ba. Jami'ar Biristol ta gwada nata, PLAN-A, a kan 'yan mata a makarantu 20, shi ma haka ya ƙare. Masu binciken GoActive sun lura cewa makarantun ba su gudanar da shirin yadda aka tsara ba, malamai na fama da wasu ayyukan, jagororin kuma ba ko'ina suka tsaya a kan aikinsu ba.

Ni abin da na fahimta shi ne, hana taba magana ce, kuma magana ba ta bukatar fili. Motsa jiki kuwa sai da wuri, sai da lokaci, sai da izinin manya. Ka naɗa yaro jagora ka hana shi waɗannan ukun, suna kawai ka ba shi. In makarantun Ingila masu ciyawa da ɗakunan wasanni sun gaza saboda ba a ba abin muhimmanci ba, makarantar da ke cikin lungu, wadda aka yanki filinta aka jera shaguna, sai ta ninka himma.

Akwai kuma wani ciwo namu na gida. A makarantunmu siniya ya riga ya sami iko, amma ikon bulala ne. Ka tsaya a ƙofar kusan kowace sakandare da ƙarfe 8 na safe: 'yan makara a jere sun kama kunne suna tsallen kwaɗo, wani ɗan aji shida na tsaye a kansu da tsumagiya, wata na share hawaye da gefen hijabi. Wani a ce ya zagaye fili sau biyar, wani a sa shi ɗaga hannu a rana. Mun mayar da motsa jiki horo. Yaron da ya yi shekara uku ana sa shi gudu don ya yi laifi, ta yaya zai yarda gudu abin daɗi ne? Matuƙar makaranta ba ta daina hukunta yara da tsalle da gudu ba, kada ta ɓata lokacinta a kan wani shiri.

Don haka zaɓen jagora shi ne rabin aikin. Kada a ɗauko mai bulalar jiya a ce shi ne. Kada kuma a tsaya ga gwanin ƙwallon makaranta, domin gwani yakan tara gwanaye ne, ya bar mai ƙiba da mai kunya da ƙaramin jiki a gindin bishiya suna gadin takalma, alhali su ake nema. A bi hanyar ASSIST: a raba wa 'yan aji ɗaya zuwa uku takarda, kowa ya rubuta a ɓoye sunan manyan da yake jin daɗin zama da su, waɗanda ba sa cin zali. Malamai za su sha mamakin sunayen da za su fito. Wani ba ya ɗaukar na ɗaya a aji, wani ma ɗan surutu ne, amma in ya ce a tashi ana tashi. A ba kowane jagora yara 8 zuwa 10, 'yan unguwa ɗaya in da hali, yadda za su riƙa takowa makaranta tare da ƙafa. Daga Ƙofar Na'isa ko Gwale zuwa makarantar da ke cikin gari tafiyar minti 15 ko 20 ce, zuwa da dawowa an ci rabin awar nan, kuɗin mota ya koma na karin kumallo, kuma yara goma a tare sun fi ƙarfin mai ƙwacen waya.

Lokacin kuwa sai an rubuta shi a jadawali. Darasin wasanni yana cikin manhajar ƙaramar sakandare, amma sau da yawa a allo ake yin sa, yara su kwafi faɗin filin ƙwallo a littafi ba tare da sun taka shi ba. Minti 15 kafin shiga aji da rabin lokacin tara, sau uku a mako, sun isa a fara. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, da sanyin safiya kawai za a yi, kuma da ruwan sha a kusa. Da azumi a sassauta. Yammacin Alhamis da Juma'a, da yawancin Islamiyyu ke hutu, a nemi fili: akwai Filin Mahaha a Ƙofar Na'isa, akwai hawan Dala da Goron Dutse ga rukunin da malami zai raka. Rashin kaya ba uzuri ba ne. Langa ba ta cin ko kwabo, kuma wasa ce da ake karawa a kanta a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa. Tsallen igiya igiya kawai yake so.

'Yan mata su ne suka fi bukata, su ne kuma aka fi mantawa. Yarinya na fara girma ake ce mata ta nutsu, ta daina tsalle-tsalle kamar namiji, daga nan sai aji, sai ɗaki, sai madafa. Ba sai an yi faɗa da al'ada ba kafin a gyara wannan. Makarantu irin su Shekara da Dala na 'yan mata ne zalla, katanga ta kewaye su, malama mace za ta sa ido, yayyensu mata za su ja su, da wando da hijabinsu. Wace uwa ce za ta ƙi 'yarta ta yi gaɗar da ita ma ta yi? Wanda ke ganin addini ya hana, ya tuna ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Abin da ke hana yarinya fitowa sau da yawa ba ƙiwa ba ce: kunyar jikinta da ke canzawa ce, da kwanakin al'ada, da rashin banɗaki mai ruwa. Wannan ba za ta faɗa wa malami ba, amma za ta raɗa wa yayar da ta girme ta da shekara biyu.

Dole jagora ya san iyakarsa. A sanar da shi yaron da ke da sikila da mai asma, ya san ba a tilasta musu, ba a barin su da ƙishirwa ko cikin ƙurar hunturu. Wanda ya zo bai karya ba kada a sa shi gudu. In wani ya faɗi, malami ake kira. Shi ma jagoran a saka masa: takardar yabo a gaban taron makaranta, a rubuta a shaidarsa ta kammalawa, ko 'yar riga mai suna. Yaro ne shi ma, ga jarrabawar fita a gabansa.

Tun 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ana gyaran ajujuwa ana saka kujeru. Muna roƙo a sa filin wasa a cikin lissafin, a kuma hana kowa sake yankar ko taku ɗaya na filin makaranta. Ku kuma tsofaffin ɗalibai, na Kwalejin Rumfa da aka kafa tun 1927 da na ƙananan makarantun unguwa, usur da igiya da ƙwallo biyu ba su kai kuɗin walimar taronku na shekara ba. Malam shugaban makaranta, ba sai ka jira takarda daga ma'aikata ba. A zangon nan ka soke tsallen kwaɗo, ka raba wa ƙananan ɗalibai takardar zaɓe, ka ware minti 15 na safiyar Litinin.