Manhajar da ta kai injiniyan Volkswagen gidan yari

A watan Satumban 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen na Jamus ya saka manhajar yaudara a motocinsa masu amfani da dizil. Daga baya kamfanin ya amince cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a faɗin duniya.

Kwamfutar motar tana lura da sitiyari da gudun tayoyi. Idan tayoyi na juyawa amma sitiyari bai motsa ba, sai ta gane cewa gwaji ake yi, ta kunna na'urorin tace hayaƙi gaba ɗaya. Da an hau titi kuwa sai ta sassauta, motar ta riƙa fitar da gurɓatacciyar iska har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka fara gano hakan a 2014, bayan sun auna hayaƙin a kan titi.

Wannan ba irin kuskuren da ke sa manhaja ta daskare a waya ba ne. Ta yi daidai abin da aka rubuta mata, kuma injiniyoyi ne suka zauna suka tsara ta, suka gwada.

A 2017 wata kotu a Detroit ta yanke wa ɗaya daga cikinsu, James Liang, ɗaurin wata 40 da tarar dala 200,000. Ba shi ne shugaba ba, kuma ya ba hukumomi haɗin kai. Duk da haka, hukuncin ya zarce shekara uku da masu gabatar da ƙara suka nema.