Kafin Ka Danna "Tura": Wayarka Ma Gidan Rediyo Ce

A ce da daddare saƙon murya ya shigo wayar yayanka a Kimba, wai ’yan bindiga sun tare hanyar Jega. Ba sunan mai magana, ba ranar da aka naɗa. Nan take ka tura wa zauren ’yan ajinku na WhatsApp. Kafin asuba saƙon ya kai Aliero da Maiyama. Manomin albasa ya fasa kai kayansa kasuwa, direba ya ajiye mota, iyaye sun hana yara zuwa makaranta. Da hantsi sai a gano tsohon saƙo ne daga wata jiha. To, wa zai ɗauki alhakin wannan asara?

Da a ce gidan rediyo ne ya yaɗa wannan labari, akwai mai tuhumarsa. Tun 1992 aka kafa Hukumar NBC, wadda ke ba gidajen rediyo da talabijin lasisi, ta kuma gindaya musu ƙa’idojin aiki. Shi ya sa a tasha irin Equity FM ta Birnin Kebbi labari ke bi ta hannun edita kafin ya fita. Kai kuwa da wayarka, kai ne wakili, kai ne edita.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya ’yancin faɗin albarkacin bakinsa. Amma ’yancin yana da iyaka. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ya haramta tura saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tada tarzoma ko jefa rayuka cikin haɗari. Hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 3, ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun.

Kada ka ɗauka ɗalibi ya fi ƙarfin kamu. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami’ar Tarayya ta Dutse saboda wani rubutu da ya yi a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. An kai shi Abuja, an tsare shi a gidan yarin Suleja, sai da jama’a suka yi ta ƙorafi kafin aka janye ƙarar.

Wannan lamari ya nuna ɗaya ɓangaren. Masu kare haƙƙin ɗan Adam na kukan cewa masu iko na fakewa da dokar su rufe bakin masu suka. Ko a 2020 kotun ECOWAS ta ce tsohon sashe na 24 ya tauye ’yancin magana. Ke nan doka ma abar sa ido ce, kuma sukar gwamnati da hujja ba laifi ba ne.

Sai dai tun kafin doka, akwai tarbiyya. Magana zarar bunu ce. Kafin ka tura saƙo, tambayi kanka: Wa ya faɗa? Yaushe aka yi? Wata kafa mai suna ta tabbatar? Idan ƙarya ne, wa zai cutu? In hoton wata ’yar ajinku ne, ta yarda a yaɗa?

Idan ka rasa amsa ko da ɗaya, bari saƙon ya mutu a wayarka.