Masu Kulob, Katin Asibiti da Numfashin Serena

Yau Amurka zan ɗauke ki mu tafi, kuma ta ƙofar filin wasa za mu shiga. Kada ki ce babu ruwanki da ƙwallo ki ja allon wayar ki wuce. Ki ɗan yi mini haƙuri, don a ɗakin masu jego za mu ƙare, wurin da ni da ke duk mun san hanyarsa.

A watan Agustan 2009, Serena Williams da yayarta Venus, taurarin wasan tanis, suka sayi ɗan hannun jari a kulob ɗin Miami Dolphins, mai buga irin ƙwallon nan ta Amurkawa da ake rungumewa a ruga da ita. Su ne mata baƙar fata na farko da suka mallaki wani yanki na kulob a gasar NFL. Kaso ne ɗan ƙanƙani, amma ya zama babban labari, saboda a ƙasar an saba ganin baƙi suna zufa a fili, farare kuma suna zaune a sama cikin ɗakin gilashi suna lissafin riba.

Wata biyu bayan nan sai ga wani labarin. Rush Limbaugh, wani mai shirin rediyo da miliyoyin mutane ke saurara, ya shiga cikin ayarin masu son sayen kulob ɗin St. Louis Rams. 'Yan wasa ba su manta ba cewa a 2003 ya faɗa a tashar ESPN wai 'yan jarida na kambama ɗan wasa Donovan McNabb ne kawai don suna son ganin baƙar fata ya yi fice. Wasu 'yan wasa suka fito fili suka ce ba za su buga wa kulob ɗin da yake da hannu a ciki ba. Kafin watan Oktoba ya ƙare abokan cinikinsa sun sauke shi. Ki riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Donald Sterling, mai kulob ɗin ƙwallon kwando na Los Angeles Clippers. A watan Afrilun 2014 aka saki muryarsa da aka naɗa, yana yi wa budurwarsa faɗa don ta sa hotonta da Magic Johnson a Instagram, yana gargaɗinta kada ta riƙa kawo baƙaƙen fata kallon wasanninsa. Ki duba fa: kocinsa Doc Rivers baƙi ne, jagoran 'yan wasansa Chris Paul baƙi ne, mafi yawan waɗanda ke cika masa aljihu baƙaƙe ne. A wasan da ya biyo baya 'yan wasan suka juya rigunansu na motsa jiki ciki-waje don kada a ga tambarin kulob. Ranar 29 ga Afrilu shugaban gasar NBA, Adam Silver, ya haramta masa shiga harkar har abada, ya ci shi tarar dala miliyan 2.5.

Duniya ta tafa. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Tun a 2009 wannan mutumin ya biya sama da dala miliyan 2.7 don a kashe ƙarar da ma'aikatar shari'ar Amurka ta shigar, inda ta zarge shi da ƙin ba da hayar gidajensa ga baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da iyalai masu yara. A lokacin babu wanda ya taɓa kujerarsa. Uwa mai goyo da aka hana wurin kwana ba ta girgiza kowa ba, sai da murya ta fita a intanet, kamfanoni masu talla suka fara janyewa. Hukuncin ma ki ji yadda ya ƙare: kulob ɗin da ya saya dala miliyan 12.5 a 1981, an sayar wa Steve Ballmer a kan dala biliyan 2.

Kusan bakwai cikin goma na 'yan wasan NBA baƙaƙe ne. Amma da Michael Jordan ya sayar da mafi yawan kasonsa na Charlotte Hornets a 2023, cikin kulob 30 ba a bar ko ɗaya da baƙar fata ke riƙe da ragamar mallakarsa ba. Ko namu na gida bai tsira ba. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofi a 2019. Yana ƙoƙarin shiga fili ya taya yaransa murna, wani jami'in tsaro ya tunkuɗe shi har sau biyu, kuma jami'in ne ya riga kai ƙara. Sai da bidiyon kyamarar da ke jikin jami'in ya fito a 2020 jama'a suka ga wanda ya fara.

To ina ruwan wannan da asibiti?

A wancan watan na Agustan 2009 da su Serena ke sa hannu a takardar ciniki, Amurka na tafasa a kan wata magana: Shugaba Barack Obama na son gyara tsarin inshorar lafiya. A can jinya da tsada take ƙwarai, kuma mafi yawan mutane ta wurin aikinsu suke samun inshora. Wadda za ta saya da kanta kuwa, a wancan lokacin kamfani na iya ƙin karɓarta don tana da ciwon suga ko asma, wani lokaci ma don an taɓa yi mata tiyatar haihuwa. A lokacin yawancin irin wannan inshorar ba ta ɗaukar kuɗin haihuwa sam. Dokar da Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010, wadda aka yi wa laƙabi da Obamacare, ta hana korar mutum saboda tsohon ciwo, ta sa kula da ciki da haihuwa cikin abubuwan dole, ta kuma bar 'ya'ya a kan katin iyayensu har shekara 26. Kimanin mutum miliyan 20 suka samu inshora cikin 'yan shekarun farko.

Limbaugh ɗin nan na cikin manyan masu zuga jama'a a kanta. Sarah Palin kuma ta rubuta a Facebook cewa za a kafa kwamitin da zai yanke wanda za a bari ya mutu. Ƙarya ce. Abin da ke cikin daftarin shi ne a biya likita idan tsoho, da son ransa, ya zauna da shi su tattauna irin kulawar da yake so a ƙarshen rayuwa. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa tsayawa tsakanin 'ya'ya suna gardama a kan gadon mahaifinsu ta san amfanin wannan zama.

Sai dai in yi adalci, ba duk mai shakkar dokar ne mai wariya ba. An tilasta wa kowa ya sayi inshora ko ya biya tara, mutane da yawa suka ga an shiga musu aljihu. Obama ya yi alkawarin cewa duk mai son tsohuwar inshorarsa zai ci gaba da ita, sai ga miliyoyi sun samu takardar soke tasu a 2013. Shafin rajista da gwamnati ta buɗe a watan Oktoban shekarar ya yi makonni yana ƙin aiki. Wasu kuɗin da suke biya duk wata ya hau. Wanda aka yi wa haka ya ce bai yarda da gwamnati ba, ba zan ga laifinsa ba; mu ma nan mun san zafin a ba ki kati, ki je asibiti a ce maganin babu, ki fita waje ki saya.

Akwai wata shakkar kuma da ba a cika jin muryarta a rediyo ba. Yawancin baƙaƙen fata sun goyi bayan dokar, amma da tabo a zuciya. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bibiyi maza baƙaƙe 600 a yankin Tuskegee na jihar Alabama, 399 daga cikinsu na ɗauke da ciwon tunjere. Ba a gaya musu ainihin ciwonsu ba, kuma ko da penisilin ta zama sanannen magani ba a ba su ba, don ana son a ga yadda cutar ke cin jiki. Matansu suka kamu, aka haifi jarirai da ita. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. 'Yar Kano ba ta buƙatar dogon bayani a nan. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa tunawa sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, kuma yaran da suka shanye su suka biya bashin.

Dokar kanta ba ta isa ko'ina daidai ba. Ta tanadi a faɗaɗa Medicaid, inshorar marasa ƙarfi, wadda ke biyan kuɗin kusan haihuwa huɗu cikin goma a ƙasar. A 2012 kotun ƙoli ta ce jiha na da zaɓin ƙi. Zuwa 2024 jihohi goma na nan kan ƙin, ciki har da Teksas da Fulorida da Jojiya da Alabama da Misisipi, wato kudancin da baƙaƙen fata suka fi yawa.

Yanzu mu koma ga Serena. Ita ba ta rasa kati ba, ba ta rasa kuɗi ba. Har kaso gare ta a kulob. Ta ci manyan kofunan tanis 23, na ƙarshen ma da ƙaramin ciki ta ci shi. Ranar 1 ga Satumba 2017 aka yi mata tiyatar gaggawa aka ciro 'yarta. Washegari numfashi ya fara yi mata wuya. Ta san alamar, don a 2011 gudan jini ya taɓa toshe mata huhu, ga shi kuma an dakatar da maganin tsinka jinin da take amfani da shi saboda tiyatar. Ta lallaɓa ta fito daga ɗaki, ta ce wa nas ɗin da ta fara gani a yi mata hoton CT kuma a sa mata heparin ta jijiya. Kamar yadda ta ba mujallar Vogue labari, nas ɗin ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta. Aka fara duba ƙafafunta, ba a ga komai ba. Ta nace. Da aka yi hoton sai ga ƙananan gudajin jini a huhu. Tarin da ta riƙa yi ya ɓarke ɗinkin, aka sake shiga da ita tiyata, ta yi mako shida a kwance.

Alƙaluman hukumar CDC na 2021 sun nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙaƙe kusan 70 ne suka rasu, farare kuma kusan 27. Ilimi da albashi mai kauri ba su rufe wannan tazarar. Na san namu ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, kuma mu launi ɗaya ne da majinyatanmu. Amma mu ma muna da ma'aunin da muke auna maganar mace da shi: atamfar da ta ɗaura, ko tana jin Turanci, waye mijinta.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na taɓa zama waccan nas ɗin. Ina aikin dare a wani asibiti, mu biyu a kan ɗaki cike, wata yarinya daga ƙauye da aka yi wa tiyata kwana uku da suka wuce ta kira ni ta ce, "Anti nas, numfashina ba ya kaiwa." Na ce mata gajiya ce, ta gyara filo ta kwanta. Uwar mijinta ce ta biyo ni har tebur, ta durƙusa ta ce, "'Yata, don girman Allah ki dawo ki duba ta, yarinyar nan ba ta da raki." Kunya ce ta tashe ni, ba basira ba. Da na maƙala mata abin auna iskar jini a yatsa, lambar da na gani ta sa na ruga kiran likita da gudu. Ƙafarta ta hagu ta kumbura tun rana, ta kuma gaya wa wani, ba a rubuta ba.

Don haka uwargida, cikin kwana arba'in na jego, in kin ji numfashi na sarƙewa, ko ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jini na zuba fiye da kima, kada ki bari a ce miki sai da safe. Ki ce a auna jininki da iskar jininki, ki tambayi lambar da aka samu, ki ce a rubuta a fayil. In kunya ta hana ki, ki sa wadda ke zaman jinyarki ta faɗa, ta kuma maimaita.

Yarinyar ta rayu, alhamdulillahi. Bayan wata biyu suka dawo awon jariri, uwar mijin ta kawo mini ƙwai a kwano. Na karɓa ina kallon ƙasa.