Fassarar kalmar étalon: misalin karon nitiron da furoton

Masana nukiliya suna harba nitiron kan furoton na haidirojin, su auna yawan karonsu. Wannan awo, daga 1 keV zuwa 20 MeV, da shi ake gwada waɗansu awo, har da na tsagewar yuraniyom 235, ma'adinin da aka fara haƙowa a Arlit a 1971. In ya kauce, su ma sun kauce. Saboda haka hukumar AIEA ta sake tantance shi a 2017.

A nan kalmar "ma'auni" ta gaza. Mai sayar da hatsi a Kara-Kara yana kiran tiyarsa ma'auni ko da ta lotse, alhali étalon ita ce tiyar da za a gwada tasa da ita. Mun fi son "uwar ma'auni", bisa tsarin "uwar kuɗi".