Ƙarar Iska da ta Hanya a Cikin Mota: Asalinta da Hanyoyin Rage Ta



Wataƙila wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen mota. To, kunne ne ya haɗa mu, domin wanda ya daɗe yana nazarin sautin magana ba zai ƙi kula da sautin da ke hana magana ba. Duk wanda ya taɓa bin mota daga Kano zuwa Maiduguri ya san yadda hira kan fara da daɗi, sa'an nan a koma ɗaga murya, daga bisani kowa ya yi tsit, a sauka da nauyin kai. Ƙara tana da kaso babba a cikin wannan gajiya, kuma direban da ya gaji, rayukan fasinjojinsa ne a hannunsa.

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu takan kai wajen 60, cikin mota kuwa a kan babban titi yakan kai wajen 70. Kada a raina wannan tazara, gama ƙarin desibel 10 kunne yana jinsa ne kamar an ninka ƙarar sau biyu.

Ta ƙofa biyu ƙara ke shiga mota, kuma harshenmu ya riga ya bambanta su. Akwai wadda ke yin "shuu" ko fito, wato ta iska. Akwai kuma mai ruri da gurnani, wadda ke tasowa daga taya, ta bi ta shokozoba da ƙarafan ƙasa, ta girgiza bodin mota kamar fatar ganga. Wanda bai tantance wadda ke damunsa ba, sai ya kashe kuɗi a banza.

Mu fara da iska. Ita takan yargutse ne a inda ta ci karo da madubin gefe, da ginshiƙin gilashin gaba, da kariyar kaya a bisa rufi. A lissafin masana, idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin wannan ƙara yakan ninku wajen sau 64, wato ƙarin desibel 18. Ashe ke nan sassauta ƙafa a kan totur shi ne magani mafi arha. Na biyu shi ne robar da ke kewaye da ƙofa, wadda zafin ranarmu ke busarwa har ta tsattsage. Gwajinta mai sauƙi ne: a rufe ƙofa a kan tsinken takarda, a ja. In takardar ta zare ba wuya, to robar ta saki, a sake ta. Kafa kaɗan ta isa ta ɓata dukkan sauran aiki.

Akwai kuma bugun nan mai "bub-bub" da ke cika kunne idan aka buɗe tagar baya guda ɗaya. Wannan daidai yake da busa bakin kwalba, abin da Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ya bayyana tun ƙarni na 19. Da zarar an ɗan buɗe wata tagar, sai bugun ya lafa.

Ƙarar hanya kuwa, daga taya ake fara binciken ta. Taya mai manyan haƙora, ko wadda ta ci gefe guda, ko wadda mai faci ya cika wa iska fiye da ƙa'ida, duk suna ƙara ruri. Bayan nan sai a koma ga bodi, inda aiki ya kasu uku. Na farko, a manna faifan roba mai nauyi a jikin ƙarfen ƙofa da daɓen mota da but, don ya kashe girgiza. Na biyu, a shimfiɗa abu mai nauyi ya tare sautin, domin ninka nauyin shamaki sau biyu yana rage wajen desibel 6. Na uku, a sa soso ko wani abu mai laushi ya tsotse abin da ya saura. Soso shi kaɗai ba ya tare gurnani, kuma a nan ne da yawa suke yin asara.

Masu ƙera motoci sun wuce nan. Suna yin gilashi mai ruɓi biyu da ledar roba a tsakani, da taya mai soso a cikinta. Wasu motocin ma suna fitar da sauti kishiyar ƙarar ta lasifika don ya soke ta, dabarar da Paul Lueg ya sami rajistarta a Amurka a 1936.

Daga ƙarshe, ga gargaɗi. Wata ƙarar saƙo ce. Rurin da ke ƙaruwa da gudu, yana kuma sauya murya idan an sha kwana, sau da yawa boris ɗin ƙafa ne ke neman lalacewa. Wanda ya lulluɓe irin wannan da soso ya toshe bakin mai yi masa gargaɗi. Saboda haka a saurara tukuna, a kai wa bakanike ya duba, kana a nemi shiru.