Kaluluwa Bayan Dashen Ƙoda

Jama'a, dashen ƙoda ba labarin ƙasar waje kaɗai ba ne yanzu. An fara cin nasararsa a birnin Boston ta Amurka cikin 1954, a Kano kuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya soma yi cikin 2002. Saboda haka watakila a ƙauyenku akwai wanda aka yi wa. To, ga abin da ya kamata mutanen gidansa su sani.

Allah ya sanya wa jikin mutum dogarai, wato fararen ƙwayoyin jini, masu korar kowane baƙo. Sabuwar ƙoda ma baƙuwa ce gare su. Don haka likita yakan ba mai dashe magani na kullum wanda ke rage ƙarfinsu, don kada su far mata.

Amma fa in dogari ya yi gyangyaɗi, ɓarawo yakan samu hanya. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, wadda aka gano a Landan cikin 1964. Ta yawu ake ɗaukarta, kuma cikin manya goma, fiye da tara suna ɗauke da ita ba su sani ba, gama jiki ya danne ta. Idan ƙarfin dogaran nan ya ragu, sai ta sa waɗansu ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har abin ya iya zama sankara. Kaɗan ne cikin masu dashe abin ke samu. Ya fi aukuwa cikin shekarar farko, kuma ya fi kama yara. Duk da haka yana iya zuwa bayan shekaru.

Ga alamun da za ku lura da su: kaluluwa a wuya, ko hammata, ko matsematsi, wadda ta ƙi sacewa, zazzaɓi mai naci, zufa da dare, rama ba dalili, ciwon maƙogwaro ko na ciki wanda ya daɗe.

In kun ga ɗaya daga cikinsu, kada ku kira wanzami ya yi sakiya ko ƙaho. Kada kuma ku ba shi jiƙo. Ku kai shi wurin likitan da ke duba dashensa nan da nan. Tarin fuka ma yana kawo kumburin wuya, don haka sai an ɗebi ɗan naman wurin an auna kafin a tabbatar.

Cutar tana da magani. Sau da yawa likita yakan fara da rage maganin dashen a hankali, in bai isa ba ya ƙara da allurai. Amma kada majiyyaci ya rage ko ya daina da kansa, domin zai iya rasa ƙodar.

Mai gida, kai ne za ka tuna masa ranar komawa asibiti. Uwargida, ke ce za ki fara ganin ramarsa. Ku tuna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.